Kyanwar da Hajjo Ta Ɗauko a Buhu

Rana ta yi ja ta faɗa bayan duwatsun Kubwa, ladan bai kai ga kiran magariba ba. Hajjo tana zaune a tsakar gida kan 'yar kujerarta, faranti a cinya, tana tsince shinkafar wainar gobe. Can bakin titi ana jin gurnanin manyan motoci suna sauke ma'aikatan da suka dawo daga cikin gari. 'Yarta Nazeefa, budurwa mai karatun aikin jinya, tana kwashe shanya daga igiya tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Kyanwoyin gidan su uku suna miƙe a gefen murhu, inda toka ke da sauran ɗumi.

Sai wani abu ya daki kwanon rufi, dim, har ƙura ta zubo.

Hajjo ta ɗaga kai. "'Ya'yan gidan uban wa ne ke jifa da magariba?"

Ba wanda ya amsa. Na biyun bai tsaya a rufi ba. Ya sauko tsaye daga sama ya faɗa cikin farantin da ke cinyarta, shinkafa ta watse. Guntun bulo ne, da sauran shuɗin fenti a jikinsa. Ta kai hannu, ta janye da sauri, don zafi gare shi kamar an tono shi daga wuta. Shuɗin nan kuwa ta san shi. Da hannunta ta shafa shi a bangon tsohon gidanta na Jabi, gidan da katafila ta baje.

Kowace kyanwa ta yi halinta. Barkono, jan muzurun, gashin bayansa ya tashi, ya yi tsalle ya kai wa iska cafka, da bai sami komai ba ya juyo ya karta wa Nazeefa farce a ƙwauri har jini ya tsatso. Amarya, farar, ta ruga sito ta cusa kanta bayan buhunan shinkafa, ba a sake ganin ta ba sai da gari ya waye. Kwalli, baƙar, ko kunne ba ta kaɗa ba. Ta gyara zama tana kallon ƙofar gida, kamar mai jiran baƙo.

Wanda duk ya zauna Jabi a shekarun nan ya san Hajjo mai waina ta bakin tasha. Mijinta direba ne, ya rasu a hanyar Lokoja ya bar ta da 'ya'ya biyu da tandar waina, kuma ba ta taɓa zuwa ƙofar dangin miji da ƙoƙo ba. Da tandar nan ta yi wa babban ɗanta Farouk karatu har ya sami kujera a wata ma'aikata. Mahauta suna hango ta suke haɗe fuska, don ciniki da ita azaba ne: za ta faɗi nata, ta juya baya ta kama hanya, ba ta waiwaye, sai an kira ta. Shekarun da farar hula suka dawo mulki ne, Abuja na cika tana batsewa, kowa da waya a kunne, gini na tashi nan ana rushe na can.

Kyanwoyin saboda ɓeraye ta ajiye su, amma ta san su kamar 'ya'yan cikinta. Ranar da aka kawo gawar mijinta gida ya cika da masu gaisuwa, a ranar ce ta karanci halin kowace. Barkono ya ciji mutum biyu. Amarya ta ɓace, sai a cikin tsohon tulu aka same ta. Kwalli ta zauna tsakiyar mutane lafiya lau, har ana yaba natsuwarta, amma kafin a yi sadakar bakwai ta lashe gashin cikinta tas, ya koma kamar tafin hannu. Hajjo takan ce, "Barkono tsoronsa a farce yake, Amarya nata a ƙafa, Kwalli kuwa a ɓoye take cin nata."

Da masu rusau suka zo unguwarsu, bayan la'asar suka zo. Ƙura, ihu, mata na jan katifa, maza na ciro kwano. Hajjo da kanta ta kamo kyanwoyin. Barkono ya yage mata hannu kafin ya shiga buhu. Amarya a ƙarƙashin gado ta zaƙulo ta. Kwalli ce ba a gani ba, har motar kaya ta cika, direba yana ta danna oda. Rana na gab da faɗuwa ta hango baƙar kyanwa zaune a kan murfin tsohuwar rijiyar da aka daɗe da toshewa a bayan gidan. Ta ce, "Ke kuma sarauniya, sai an zo an ɗauke ki?" Ta sunkuce ta, ta jefa a buhu, ta ɗaure bakinsa da bisimilla.

A Kubwa, gidan da Farouk ya kama musu haya, ta yi yadda ta ga uwarta tana yi in an sauya wa kyanwa gida. Ta shafa wa kowace man shanu a tafin ƙafa, ta kira sunanta, ta ce, "Nan ne gidanki. Da sunan Allah na shigo da ke, ba fita." Suka lashe man, suka zauna.

To, tun daga yammacin da aka jefo guntun bulon nan, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da zarar inuwar katanga ta kai bakin murhu, sai jifa ta fara. Duk guntayen shuɗin bango ne, duk da zafi. Aka fasa tulu, aka fasa gilashin taga, aka rotsa wa Farouk goshi yana alwala. Ya kira 'yan sintirin unguwa suka zagaye gidan da fitilu da sanduna, jifa na sauka a tsakiyarsu, ba su ga kowa ba. In jifar ta lafa kuma, sai a ji muryar tsohuwa tana bin bayan katanga a hankali, tana kira ƙasa-ƙasa, irin kiran da uwa ke yi wa yaron da ya yi dare a waje. Ba a gane kalmomin. Ta zagaya, ta zagaya, ta zo daidai ƙofa, ta tsaya.

Maƙwabciyarsu Justina, mai shagon kayan masarufi, ta leƙo wata safiya ta ce, "Mama, ni dai wannan jan kyanwa naki ban yarda da shi ba. Ki ga ido nashi! Duk lokacin da abin ya zo, shi ne yana hauka."

Hajjo ta ce, "Haukarsa ta gado ce, Justina. Tun yana ɗan tsurut haka yake."

Amma maganar ta shiga kunnen Farouk ta zauna.

Barkono kuwa ya ƙara lalacewa. Ya daina cin abinci, yana fitsari a bakin ƙofa, kuma duk inda ya ga Kwalli sai ya turnuƙe ta, alhali da kan tabarma ɗaya suke kwana. Amarya ta koma sito da zama gaba ɗaya, ta rame, ko tuwo sai an tura mata bayan buhu. Kwalli kaɗai ke sheƙi. Sai Nazeefa ta fara canzawa. Ta bar zuwa makaranta, ta bar waƙa, ta bar cin abinci da mutane. Da la'asar ta yi sai ta je ta zauna a bakin ƙofa daga ciki, ta ɗora baƙar kyanwar a cinya tana shafa ta, tana jijjiga ta kamar jaririya.

Ranar da abin ya fashe, suna nan zaune haka, Barkono ya diro daga kan katanga. Ya faɗa kan cinyar Nazeefa, ya danne baƙar, ya kama kunnenta ya yage. Ihun da aka yi ba kyanwar ce ta yi shi ba. Daga bakin Nazeefa ya fito, kuma ba muryarta ba ce.

Ta miƙe. Yarinyar da bokitin ruwa ke gagarar ta, ta ɗaga turmi da hannu ɗaya ta wurga, ya daki bangon ɗaki ya tsage biyu. Farouk, wanda shigowarsa ke nan daga ofis ko takalmi bai cire ba, ya riƙo ta ta baya. Ta yi jifa da shi, bayansa ya haɗu da ƙofar ƙarfe. Ta faɗi tana birgima, tana buga kai da siminti, kumfa na fita. Jifa kuwa ta sauko kamar ƙanƙara.

Farouk ya tashi jini na bin kunnensa. Idonsa ya faɗa kan Barkono, wanda ya maƙale a kusurwa yana huci. Ya rarumi taɓarya.

Hajjo ta ce, "Kai, Yayansu! Kar ka soma!" Don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Inna, shi ne! Tun farko shi ne!"

Ya sauke taɓaryar. Aka ji ƙashi ya ce ƙas. Ya ƙara ɗagawa ya sauke, muzurun yana jan gindi yana kai wa itacen cizo. Na ukun a kafaɗar Hajjo ya sauka, don ta faɗa ta rufe shi da jikinta. Ba ta ce wayyo ba. Ta ɗago ta kalli ɗanta, har taɓaryar ta suɓuce daga hannunsa.

Kashegari aka ɗauko Malam Lukmanu daga Nyanya. Siririn dattijo ne, mai karantarwa a islamiyya, maganarsa ba ta da ƙarfi. Ya iso bayan la'asar, ya tarar an kwantar da Nazeefa kan tabarma a tsakar gida, an ɗaure mata ƙafafu da zani. Bai fara karatu ba. Ya zauna ya ce a ba shi labari tun daga Jabi, ya saurara har ƙarshe. Ya dubi Barkono da ke kwance cikin kwali da karyayyen ƙugu, ya leƙa sito ya ga idanun Amarya. Sannan ya tsaya a kan baƙar, wadda ke zaune kusa da kan Nazeefa, jini ya bushe mata a kunne.

"Inna Hajjo, dabba ba ta ganin abin da waɗancan biyu suka gani ta zauna haka. Wannan ba ta jin tsoro ne?"

"Allah gafarta Malam, ta fi su ji. Ita dai ba ta nunawa. Cikinta take lashewa har gashi ya..."

Ta tashi a hankali ta je ta ɗaga kyanwar. Nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, jikinta sanyi ƙalau. Ta kifar da ita a hannu ta duba. Gashin cikin nan baƙi wuluk, cike, ko sili ɗaya bai zube ba. An rushe gida, an sha buhu, an yi ta jifa kullum, kuma ciki na sheƙi.

Hajjo ta ce, "Wannan ba Kwallita ba ce."

Inuwar katanga ta kai bakin murhu. Malam ya yi bisimilla ya fara karatu, yana tofawa a ruwa yana yayyafa wa Nazeefa. Jifa ba ta zo ba ranar. Shiru ne ya sauko, har janareton maƙwabta ya mutu. Jikin yarinyar ya sandare, ya lanƙwashe, zanin ƙafarta ya tsinke. Ta tashi zaune, idanu a kafe, ta nuna Hajjo da yatsa.

"Ɓarauniya," in ji muryar tsohuwar nan ta bayan katanga.

Hajjo ta dafe ƙirji. "Ni? Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ɗaukar allurar wani ba."

Malam ya ce, "Wace ce ke, kuma me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"A rijiyar nan muke tun babu garin. Ƙarfenku ya zo yana girgiza ƙasa, ɗiyata ta tsorata ta fito a siffar mage. Wannan matar ta jefa ta a buhu kamar doya. Ta shafa mata mai, ta laƙa mata sunan da ba nata ba, ta kulle ta da sunan Allah. Na zo ƙofa na yi kira har na gaji, ba ta iya fitowa, ni ban iya ɗaukar ta. Sai na shiga tata ɗiyar, ko na rungumi tawa."

"An yi kuskure, ba da gangan ba," in ji Malam. "Za a mayar miki da ita. Ki fita."

"Ba haka kawai ba. Ta kwance ta da bakinta. A yanka mini jan muzurun nan a bakin ƙofa, shi ya yage mata kunne. Ni kuma ina nan cikin wannan har kunnen ya warke."

"Yanka ga wanin Allah babu shi a gidan nan."

"To, ku haƙa kabari."

Hajjo ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da buhun nan na ranar tashi. Ta cusa baƙar kyanwar ciki, ta murɗe bakin, ta ɗaure, ta yi bisimilla da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ta saɓa a kafaɗar da taɓarya ta kumbura.

"Kin faɗi naki, ga nawa. Ki fita daga jikin 'yata yanzu, a gaban Malam. Ba yanka, ba jiran kunne. Ki nuna mini inda Kwallita take. In kin ƙi, tafkin Jabi yana nan, shi ba a rushe shi ba. Da dutse zan haɗa."

Malam ya ce, "Inna Hajjo, ki ji tsoron Allah! Rai ne a buhun nan, kuma 'yarki na hannunta."

"Tata ma na hannuna, Malam."

Ta juya baya ta nufi ƙofa.

Hannun Nazeefa na hagu ya ɗaga da kansa. Ya fara murɗewa ta baya, a hankali, kamar ana matse wanki. Farouk ya riƙe shi da hannu biyu yana salati, bai hana komai ba. Malam ya ɗaga murya da karatu, gumi na ɗiga daga gemunsa. Sai ƙashin ya karye. Ƙarar ta cika tsakar gidan, kuma a cikinta aka ji muryar Nazeefa ta gaskiya, siririya, ta ce, "Inna!"

Hajjo ta ji. Ba ta waiwaya ba. Ta zare sakata, ta buɗe ƙofar, ta ɗaga ƙafa ta ajiye a waje.

"Tsaya!"

Ta tsaya, bayanta gare su.

"Kunnen ɗiyata fa?" Muryar ta karye yanzu, kuka ne a cikinta.

"Ƙugun muzuruna fa? Hannun 'yata fa? Duba ki gani wa ya fi wani ciwo. Tsoro ne ya sa shi cizo, kamar yadda tsoro ya fito da taki daga rijiya. Na ce ba yanka."

Buhun yana motsi kaɗan-kaɗan a bayan Hajjo.

"Magenki tana nan inda kika bar ta. Ba mu taɓa ta ba. Ki kawo mini tawa da hannunki gobe, kafin rana ta faɗi."

"Na ɗauki alkawari, Malam ne shaida. Amma ke za ki fara fita."

Malam ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta dawo ba, ba za ta aiko ba. Ya ce ta fita ta babban yatsan ƙafa, kada ta taɓa ido ko kunne. Ƙafar Nazeefa ta yi rawa, ta yi rawa, yatsan ya miƙe. Ta yi atishawa mai ƙarfi ta zube a jikin yayanta. Can masallacin unguwa ladan ya ɗaga murya. Sai a lokacin Hajjo ta juyo. Leɓenta na ƙasa ya tsage inda ta cije shi, jini ya gangaro har haɓa.

Farouk ya kwashi ƙanwarsa sai asibiti. Hajjo kuwa washegari da la'asar ta hau mota zuwa Jabi, ita da Malam da buhu. Unguwar ta zama fili, an kewaye da kwano, an fara haƙa harsashin wani dogon gini. Mai gadi ya so ya hana su shiga, ta yi masa kallo ɗaya ya matsa. Murfin rijiyar yana nan cikin ciyawa. Ta durƙusa ta kwance igiyar.

"Da sunan da na ɗaure ki, da shi na kwance ki. Ke ba Kwalli ba ce, gidana ba gidanki ba ne. Je ki wurin uwarki, ki yafe mini buhun."

Ba abin da suka ga ya fito. Buhun dai ya saki ya kwanta, fayau.

Ta daɗe a durƙushe tana kiran mus-mus. Rana ta kusa taɓa ƙasa sannan wani abu ya motsa a ƙarƙashin tarin bulo masu shuɗin fenti. Kwalli ta fito, ƙashi da fata, tana tangaɗi. Ba ta yi kuka ba, ba ta gudu ba. Ta zo ta zauna a gaban Hajjo lafiya lau, kamar jiya aka rabu. Hajjo ta ɗaga ta, ta duba. Tun daga ƙirji har cinyoyi babu gashi ko ɗaya, fatar ta yi ja don lasa. Ta bar buhun a nan. A mayafinta ta naɗo ta, a ƙirji, har Kubwa.

Jifa ba ta sake sauka a gidan ba. Amarya ta fito daga sito da kanta wata safiya ta nemi madara. Barkono ya rayu, yana jan ƙafar baya, kuma har ya mutu Farouk bai isa ya wuce ta gabansa bai yi masa huci ba, duk kifin da yake sayo masa. Hannun Nazeefa ya ɗoru, amma bai koma daidai ba, ba ya miƙewa duka.

Ta jima ba ta yi wa uwarta wata doguwar magana ba. Sai wani yammaci suna zaune a tsakar gida, Kwalli na cinyar Hajjo gashin cikinta ya fara tsirowa, Nazeefa ta ce, "Inna, da ba ta ce tsaya ba fa?"

Hajjo ta ce, "Ai za ta ce. Zo ki tsefe mini kan nan, ya dame ni."

Nazeefa ta zagaya bayanta ta zame ɗankwalin. Ta tsaya da matsefi a hannu. Daga bayan kunnen dama har ƙeya babu gashi, an tuge shi sili-sili, fatar duk sawun farcen ita Hajjo, wani ya warke wani ɗanye.

"Me kika tsaya kallo?" in ji Hajjo. "Yi sauri, magariba ta kusa."

Nazeefa ta sa lafiyayyen hannunta ta fara tsefe abin da ya rage, a hankali.